Kwatancen Mata da Kwatancen Maza: Me Ya Kamata Manhajar Nuna Hanya Ta Sani?

Kwanakin baya na raka yayata gidan suna a wata sabuwar unguwa da ke bayan gari, irin unguwannin nan da gine-gine suka riga titi zuwa, babu sunan layi balle lambar gida. Da muka sauka daga kan kwalta sai ta kira ƙanwar maijego a waya, ita kuma ta ce mata: "Yaya, idan kun wuce gidan man nan da aka rufe, za ki ga masallaci mai koren fenti a hannunki na dama. Ku shiga layin da ke bayansa, ku miƙe har ku tarar da mai injin markaɗe. Gida na uku daga nan, akwai darbejiya a ƙofar." Ɗan adaidaitan da ya ɗauko mu bai gamsu ba, ya karɓi wayar ya nemi a haɗa shi da maigidan. Shi kuwa maigidan magana ɗaya ya yi: "Malam, ka miƙe arewa kamar rabin kilomita, sai ka karya gabas." Kwatance biyu ne na gida ɗaya, kowanne daidai ne, kuma sai da muka haɗa su sannan muka isa, domin na maigidan ya hana mu barin shiyyar, na ƙanwar kuma ya kai mu har bakin ƙofa.

Duk wanda ya zauna zai tsara manhajar nuna hanya, ko ta titunan gari ce ko ta cikin babban asibiti ko filin jirgin sama, dole ne ya yanke shawarar da wanne daga cikin waɗannan salo biyu manhajarsa za ta riƙa yi wa mutane magana. Da yake kuma an daɗe ana cewa salon farko na mata ne, na biyu na maza, akwai dabarar da ke saurin faɗo wa mai tsarawa a rai, wato a tambayi mai waya tun a shafin farko ko namiji ne ko mace, sai a ba kowa irin nasa kwatancen. A ganina wannan dabara kuskure ce, duk da cewa bambancin da ta jingina a kansa ba ƙage ba ne. Hujjar kuskuren tana cikin binciken da ake kafa hujja da shi ɗin, matuƙar an karanta shi har ƙarshe.

A 1994 wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Carol Lawton, ta tambayi mutane yadda suke gane hanya, ta kasa amsoshin gida biyu. Akwai masu bin hanya daki-daki, waɗanda ke riƙe jerin kwanoni da alamomi, dama a nan, hagu a can. Akwai kuma masu riƙe shiyya, waɗanda ke tafiya da hoton garin gaba ɗaya a ka, suna lura da gabas da yamma da nisan da suka yi, wato abin da Edward Tolman ya kira taswirar ƙwaƙwalwa tun a 1948. Mata sun fi bayyana kansu a rukunin farko, maza a na biyu. Bayan shekara huɗu James Dabbs da abokan aikinsa suka sa mutane su ba da kwatance daga taswira, aka ga maza sun fi ambaton arewa da kudu da adadin mil, mata kuma sun fi ambaton gine-gine da dama da hagu. A 2002 Deborah Saucier ta fitar da gwajin daga takarda zuwa ƙasa a harabar Jami'ar Saskatchewan da ke Kanada, inda aka ba ɗalibai kwatance ko dai na alamomi ko na shiyya da mita, aka ce su nemo wuraren da ƙafa. Mata sun fi kyautatawa da kwatancen alamomi, maza kuma da na shiyya. Akwai kuma gwajin juya siffa a ka, inda ake nuna wa mutum hoton wasu tubala a jere a tambaye shi ko su ne dai aka juya a hoto na biyu. A nan ne aka fi samun tazara mai faɗi, maza na gaba. A gwajin tuna inda aka ajiye kaya kuwa, wanda Irwin Silverman da Marion Eals suka fito da shi a 1992, mata ne kan yi gaba.

To amma yaya girman tazarar yake? A 2019 Alina Nazareth da abokan aikinta sun tattara bincike sama da 200 a kan gane hanya suka auna su wuri ɗaya, suka samu cewa maza na gaba a matsakaici, da tazarar da masu lissafi ke rubutawa tsakanin 0.34 da 0.38. Ma'anar wannan adadi ga wanda ba ɗan lissafi ba ita ce, in aka ɗauko namiji ɗaya da mace ɗaya ba tare da zaɓe ba aka gwada su, a cikin karo goma macen za ta fi namijin a kusan karo huɗu. Bambancin da ke tsakanin mace da 'yar'uwarta mace, ko namiji da ɗan'uwansa namiji, ya ninka wanda ke tsakanin rukunan biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tsara manhaja ya yi taka-tsantsan, domin manhaja ba da matsakaicin mutane take magana ba, da mutum ɗaya take magana, wanda ke tsaye a mararraba yana jiran a ce masa ga inda zai bi.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce daga ina tazarar ta samo asali. A 2016 aka saki wani wasan waya mai suna Sea Hero Quest, wanda kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom ya ɗauki nauyi tare da masana daga jami'o'i biyu na Ingila, ciki har da Hugo Spiers da Michael Hornberger. Manufarsu ita ce nazarin cutar mantuwa, tunda ɓatan hanya na daga cikin alamominta na farko. Mai wasa yakan kalli taswira, a ɗauke ta, sannan ya tuƙa kwalekwale ya nemo wuraren da aka nuna masa. Kafin Antoine Coutrot da sauran masanan su wallafa sakamakonsu a 2018, sama da mutum miliyan 2.5 sun buga wasan. An samu maza a gaba, amma girman tazarar ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana tafiya tare da ma'aunin giɓin da ke tsakanin maza da mata a ilimi da aiki da sauran harkokin rayuwa, wanda Dandalin Tattalin Arziƙin Duniya ke fitarwa. Inda giɓin rayuwa ya yi ƙanƙanta, kamar ƙasashen arewacin Turai, tazarar gane hanya ma takan tsuke. Inda ya yi faɗi, ita ma ta faɗaɗa. Gaskiya ne wasan waya ne, kuma masu babbar waya ne kaɗai suka buga shi, amma da halitta ce kaɗai ke aiki, da bai kamata iyakar ƙasa ta sauya sakamakon haka ba.

Binciken da aka yi nesa da birane ya ƙara fito da abin fili. Haneul Jang da abokan aikinta sun zauna da al'ummar Mbendjele da ke cikin dajin Jamhuriyar Kwango, inda mata ke yin tafiya mai nisa neman abinci da kamun kifi kamar yadda maza ke yi. A cikin kurmin da ba a hango komai sai itatuwa, sukan ce wa mutum ya nuna da hannu inda wani sansani ko ƙauye yake, su auna da na'ura. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna matsakaicin kuskuren bai wuce kusan digiri 6 ba, kuma mata da maza kunnen doki suka yi. An samu makamancin haka a wajen al'ummar Tsimane ta ƙasar Bolibiya. Ƙwarewar kuma abin koyo ce: a 2007 masana a Jami'ar Toronto sun nuna cewa awa 10 na wani nau'in wasan kwamfuta ya rage tazarar da ke tsakanin ɗalibai mata da maza a gwajin juya siffa. Direbobin tasi na Landan, waɗanda ke shafe shekaru suna haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai riƙe wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma girman na ƙaruwa da yawan shekarun tuƙi. Ba na cewa halitta ba ta da hannu ko kaɗan, domin har yanzu masana na jayayya a kan rawar da sinadaran jiki ke takawa. Sai dai abin da ya fi fitowa a sarari shi ne wanda aka bari ya yi yawo shi ke sanin hanya, kuma Hausawa sun riga sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi a kanmu, domin akasarin waɗannan gwaje-gwaje a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai aka yi su, inda ambaton arewa da kudu ya zama tamkar harshen masu taswira da sojoji. A gidan Bahaushe ba haka abin yake ba. Baƙuwa in ta sauka a ɗakin da ba ta sani ba, da zarar lokacin salla ya yi tambayarta ta farko ita ce, "Ina ne gabas?" Tsohuwar da ba ta taɓa buɗe taswira ba za ta ce maka tulun na kusurwar kudu, ko gidan wance na yamma da masallacin Juma'a. Wanda ke fuskantar alƙibla sau biyar a yini yana ɗauke da kamfas a kansa, namiji ne ko mace. Masanin harshe Stephen Levinson ya rubuta a kan al'ummar Guugu Yimithirr ta Ostireliya, waɗanda ke kwatanta komai da shiyyoyi huɗu maimakon dama da hagu, kuma kowa a cikinsu haka yake magana. Sannan duk wanda ya tashi a cikin tsohon birni irin Kano ko Zariya ko Damagaram ya san cewa babu wanda ya kai 'yar talla sanin lungu. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan da ke cikin kulle ke gudanar da kasuwancinsu ta hannun yara, musamman 'yan mata, waɗanda ke zaga unguwa gida-gida. Yarinyar da ta san kowane yanke tana shekara goma, in ta girma zirga-zirgarta ta taƙaita, ba ƙwaƙwalwarta ce ta sauya ba, iyakar yawonta ce. Manhajar da za ta ɗauko ƙa'idar cewa mace ba ta jin gabas da yamma daga harabar wata jami'a a Kanada ta ɗora wa wannan baiwar Allah, ta raina mata sani.

Saboda haka maɓallin "namiji ko mace" yana da illa ta fuska fiye da ɗaya. Zai ba mutane masu yawa salon da ba nasu ba, tunda rukunan biyu sun cakuɗe. Zai kuma daskarar da tazarar da ya tarar, domin macen da kullum ake ɓoye mata hoton gari gaba ɗaya ba za ta taɓa gina shi a ka ba. Ga kuma gaskiyar da masu tsara manhaja a manyan birane ke yawan mantawa, cewa a gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da 'ya'ya, kuma wanda ya yi rajista ba lallai ne shi ke riƙe da ita a hanya ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce irin wadda Margaret Burnett ta Jami'ar Jihar Oregon ta tsara a ƙarƙashin sunan GenderMag. A wannan tsari ba a tambayar jinsin mai amfani. Ana duba halaye ne guda biyar da bincike ya nuna sukan bambanta tsakanin maza da mata a matsakaici, kamar yadda mutum ke tattara bayani kafin ya yanke shawara, da yadda ya yarda da kansa a gaban na'ura, da yadda yake ɗaukar kasada, sannan a bi manhajar mataki-mataki a ga wane mai hali ne zai maƙale a ina. Ilimin bambancin jinsi ya zama fitilar da mai tsarawa ke haska aikinsa da ita don gano inda ya bar wasu a baya, kuma gyaran da aka yi saboda su yakan amfani kowa.

A aikace, wannan na nufin manhaja ta yi abin da muka yi a hanyar gidan suna, ta haɗa kwatancen biyu a jimla ɗaya: "A gaban masallacin nan ka karya dama, za ka fuskanci gabas, saura mita 200." Mai jin alama ya ɗauki rabonsa, mai jin shiyya ya ɗauki nasa, kowanne kuma yana koyon salon ɗayan ba tare da an ce masa ana koyar da shi ba. Wanda yake son a rage masa ɗaya, sai a ba shi damar zaɓa da kansa, ya kuma iya sauyawa, domin mutumin da ke son gabas da yamma a garinsu yana iya buƙatar alamomi ranar da ya sauka a Legas. Michel Denis na Faransa da abokan aikinsa sun nuna cewa alamar da ta fi amfani ita ce wadda ke daidai inda za a yanke shawara, wato a kwana ko mararraba, tare da wasu 'yan kaɗan a kan doguwar hanya don mutum ya natsu cewa bai kauce ba. Abin lura shi ne manyan kamfanoni ba ta ƙofar jinsi suka iso ga wannan ba. Google Maps ya fara sa alamomi a kwatancensa a Indiya a 2009 saboda tituna da yawa ba su da suna, ko kuma babu wanda ke kiransu da sunan da ke takarda. A 2019 kuma ya kawo wa Najeriya hanyoyin masu babur da murya mai karin harshen 'yan ƙasa, tare da kwatancen motocin danfo a Legas mai ɗauke da hotunan wuraren da fasinja zai gane. Salon da aka laƙaba wa mata shi ne salon kowa a garin da ba shi da lambar gida.

Wahalar tana wajen zaɓen alamar. Dole ta zama abin da ake gani daga inda mai tafiya ke tahowa, kuma ana ganinta da dare in an ɗauke wuta. Dole a kira ta da sunan da mutane ke kiranta. A Kano an gina gada a Dangi, amma har gobe da tsohon sunan, Dangi, ake kiran wurin, kuma gidan man da aka rufe shekaru da suka wuce yana nan yana aiki a bakin masu kwatance. Sannan dole wani ya fara sa ta a taswira, kuma a nan ne jinsi ke shigowa ta ƙofar da ba a tsammani. OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke ginawa kuma manhajoji da yawa ke ɗiba daga cikinta, mafi yawan masu ba ta gudummawa maza ne, shi ya sa a 2016 wasu mata daga ƙasashen Latin Amurka suka kafa ƙungiyar Geochicas don cike wannan giɓi. Kowa abin da ya shafe shi yake sa wa alama. In maza ne kaɗai ke zana taswirar unguwa, za a samu gareji da gidan kallon ƙwallo da majalisar mai shayi, a rasa asibitin haihuwa da makarantar Islamiyya ta mata da famfon unguwa da gidan mai kitso, alhali da waɗannan ne rabin mutanen unguwar ke kwatance. Da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yar gari ma tana cikin lissafin.

Yadda taswirar ke zama a allon waya shi ma yana da tasiri. Taswirar da kullum arewa ke sama tana tilasta wa mai tafiya kudu ya juya ta a kansa, wato ainihin aikin da gwaje-gwaje suka nuna tazara mafi faɗi a kansa. Wadda ke juyawa tare da mai tafiya ta ɗauke wannan nauyi, ko da yake tana sa mutum ya manta inda yake a cikin gari. Mafita ita ce a fara da mai juyawa, a bar alamar arewa a bayyane, a kuma sauƙaƙa hango tafiyar gaba ɗaya da taɓawa ɗaya. A 2002 Mary Czerwinski da abokan aikinta a sashen bincike na Microsoft sun gano cewa in aka faɗaɗa abin da mutum ke hange a babban allo, tazarar mata da maza wajen gane hanya a cikin kwamfuta tana raguwa sosai ba tare da maza sun yi asara ba. Wato wani ɓangare na abin da aka ɗauka rauni ne a wajen mata, ƙuncin allo ne. Tsarin Live View da Google ya fitar a 2019, mai ɗora kibiya a kan abin da kyamara ke gani, yana warware ruɗanin matakin farko, lokacin da mutum ya fito daga tasha bai san ina ya fuskanta ba. Amma yana cin caji da data, kuma yana buƙatar a ɗaga waya sama a tsakiyar titi, abin da babu mai hankalin da zai yi a inda ake ƙwacen waya. A irin wannan wuri murya a kunne ta fi hoto a allo, kuma muryar ta zama cikin harshen da mai tafiya yake ji.

Wurin da nake ganin bambancin ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ɓatan hanya ke jawo wa mutum. Alexander Boone da Mary Hegarty na Jami'ar California da ke Santa Barbara sun koya wa mutane wata hanya a cikin ginin kwamfuta mai lunguna, sannan suka ce su koma wasu wurare. A sakamakon 2018, maza sun fi bin yanke, mata sun fi bin hanyar da aka koya musu ko da ta fi tsawo. Ana iya karanta wannan a matsayin gazawa, amma ana iya karanta shi a matsayin lissafi. Tun a bincikenta na 1994 Lawton ta ga mata sun fi fargabar ɓata, kuma a 2002, da ita da János Kállai suka kwatanta Amurka da Hangari, suka ga fargabar na da alaƙa da yadda mutum ke jin tsaron lafiyarsa da kuma yawan 'yancin yawon da ya samu yana yaro. Namijin da ya ɓata bayan isha'i a unguwar da bai sani ba, galibi lokaci ya rasa, ya tsaya a majalisa ya yi tambaya, tunda matambayi ba ya ɓata. Macen da ta ɓata a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, tambayar kanta tana iya zama abin tsoro, domin ta sanar da baƙi cewa ita kaɗai ce kuma ba ta san inda take ba. Wadda ta zaɓi titin da ta sani mai haske da jama'a, ko da zai ƙara mata minti goma, ta yi aiki ne da karin maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara. Manhajar da ba ta san komai ba sai hanya mafi sauri, tana amsa tambayar da wannan mata ba ta yi ba.

An yi ƙoƙarin amsa tambayar tata. A Indiya, Kalpana Viswanath da abokin aikinta sun kafa Safetipin a 2013, manhajar da ke auna tituna da ma'auni tara, ciki har da haske, da ko akwai masu hango titin daga shaguna da gidaje, da yawan jama'a, da ko ana ganin mata da yara a wurin, da kyan hanyar ƙafa. Hukumomin Delhi sun yi amfani da bayananta wajen gano wuraren da ba su da fitila. A Masar kuma an kafa HarassMap a 2010 don mata su riƙa sa alama a inda aka ci zarafinsu. Sai dai wannan fage yana da rami mai zurfi. Lokacin da Microsoft ya samu haƙƙin mallakar wata fasahar kauce wa unguwanni masu yawan laifi a 2012, da kuma lokacin da manhajar SketchFactor ta fito a Amurka a 2014 tana barin mutane su yi wa wurare tambarin rashin aminci, an yi musu ca da suka, domin a aikace tambarin kan faɗa ne a kan unguwannin talakawa da baƙar fata. Darasin shi ne a auna abin da ake iya gani kuma ake iya gyarawa, kamar fitila da buɗaɗɗun shaguna da faɗin hanya, a kuma gaya wa mai tafiya dalili a fili: "Wannan ta fi tsawo da minti shida, amma babban titi ce mai haske." Kada manhaja ta kuskura ta ce hanya lafiya lau take, domin alƙawari ne da ba za ta iya cikawa ba. Zaɓin kuma ya kasance a buɗe ga kowa, tunda dattijo mai sanda da ɗalibi baƙo da mai ɗauke da kuɗin ciniki duk suna buƙatarsa.

Siffar tafiyar kanta ma ta bambanta. Masu tsara birane, musamman Inés Sánchez de Madariaga ta Sifaniya, sun nuna cewa mata sun fi yin tafiya mai zango-zango ta hidimar iyali: a kai yaro makaranta, a biya asibiti, a tsaya kasuwa, a leƙa gidan gaisuwa, sau da yawa da goyo ko kaya, a ƙafa ko a motar haya. Manhajojin da muke da su an gina su ne a kan direba ɗaya mai barin gida zuwa wurin aiki. A garuruwanmu kuwa mace galibi fasinja ce a bayan adaidaita sahu ko tasi, kuma buƙatarta daban ce da ta direba. Tana son kwatancen da za ta iya faɗa wa mai tuƙi da baki a jimla biyu, tana son ta san inda za ta ce a sauke ta, tana kuma son wayar ta yi mata ishara a ɓoye in an kauce daga hanya sosai. Tura wa 'yan'uwa inda take kai-tsaye yana da amfani, amma wuƙa ce mai baki biyu, domin abin da ke kare ta daga baƙo yana iya zama igiyar sa ido a hannun wanda take gudu. A farkon 2018 taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki mai nuna hanyoyin da suka bi, ta fallasa wuraren sansanonin soja ba da niyya ba. In bayanan zirga-zirga sun iya tona asirin sojoji, na mace ɗaya mai bin hanya ɗaya kullum ya fi sauƙin tonuwa. Saboda haka rabawar ta zama ita ke kunna ta, ta mutu da kanta in tafiya ta ƙare, kuma goge tarihin wuraren da aka je ya zama abu mai sauƙi, musamman a wayar da ake aro.

Akwai kuma alhakin da ke wuyan mai tsarawa game da abin da manhajarsa ke mayar da mutane. Louisa Dahmani da Véronique Bohbot na Jami'ar McGill sun gwada direbobi 50, suka wallafa a 2020 cewa waɗanda suka fi dogaro da na'urar nuna hanya sun fi rauni wajen riƙe wurare in aka bar su su kaɗai. Adadin mutanen kaɗan ne, amma ya dace da abin da aka gani a wajen direbobin Landan ta ɗaya fuskar. In rashin damar yawo ne ya haifar da babban ɓangaren tazarar, to manhajar da ke jan mutum kamar makaho, kwana bayan kwana, za ta kai mace inda za ta amma ta bar ta yadda ta same ta. Wadda ke nuna hoton tafiyar kafin a tashi, tana ambaton unguwannin da ake ratsawa, tana kuma rage magana a hanyar da mai waya ya bi sau da yawa in ya so hakan, tana mayar masa da ɗan abin da aka hana shi yana yaro.

Duk wannan ba zai tabbata a ofis ba. Gwajin manhajar da aka yi a kan samari masu digiri, da rana tsaka, da waya mai cikakken caji, zai nuna cewa komai na tafiya daidai. Gwajin da zai faɗi gaskiya shi ne a ba uwa mai goyo wayar bayan magariba, a unguwar da ba ta taɓa zuwa ba, a tsaya a ga a wace mararraba ta dakata, wace kalma ce ba ta gane ba, da kuma lokacin da ta haƙura da allon ta kira gidan da za ta. A ƙirga kuskuren kwana, a ƙirga mintuna, a kuma tambaye ta ko hankalinta a kwance yake, sannan a ware sakamakon mata da na maza don a ga ko akwai wanda aka bari a baya. Abin da ƙanwar maijego za ta faɗa mata a wannan kiran, masallaci mai koren fenti da injin markaɗe da darbejiya, shi ne abin da ya kamata a ce manhajar ta riga ta faɗa.